Tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Ta Hana Ni Barci

Duk abin da na karanta bana, na littafi da na waya, babu wanda ya kama ƙafar wani ɗaurin tsofaffin jaridu da aka tono a ƙasan adakar marigayi baffana a gidanmu na Malikanchi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, fitowar tsakanin 1972 da 1977. Ba a jere suke ba, gara ta ci gefen wasu, ruwa ya taɓa wasu, takardar ta yi jaja-jaja tana karyewa in ka lanƙwasa ta da gaggawa. Amma wallahi in aka ce in ba da su a ba ni sabuwar waya, sai in ce a riƙe wayar.

Hausar ce ta fara kama ni. Kai, jama'a, mutanen nan sun iya rubutu! Tun da aka kafa jaridar a Zariya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, aka ɗora ta a kan Hausar da ake karantawa da ƙarfi a zaure, mutum ɗaya mai boko yana karantawa, goma suna saurare. Zuwa shekarun da nake magana ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, amma wannan tarbiyya ba ta bar ta ba. Za a kawo maka labarin Majalisar Ɗinkin Duniya, a warware shi yadda mai noman rake a fadamar Maƙarfi zai gane ba tare da ya ce a maimaita ba. Ba ka jin ƙamshin Turanci a ƙarƙashin jimla. Na sha tsayawa in sake karanta sakin layi ɗaya don daɗinsa kawai, ba don ban gane ba.

Wadda na fi so a cikinsu duka ita ce ta makon da naira ta shigo. Ranar Litinin, 1 ga Janairun 1973, Nijeriya ta ajiye fam da sule ta ɗauki naira da kwabo. Janar Yakubu Gowon ke mulki a Ikko, Shehu Shagari ne kwamishinan kuɗi na tarayya, mu kuma a nan muna Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari. A takarda lissafin ba shi da wuya: fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya, sule ɗaya kwabo goma, sisi kwabo biyar. Rikicin yana can ƙasa, wajen ƙananan kuɗi. Da can kwabo goma sha biyu ne a sule, yanzu sun koma goma. Taro ya zama kwabo biyu da rabi. To mai ƙosan da ta saba ƙirga na kwabo, guda nawa za ta zuba yanzu? Wa zai ci ribar ɗan bambancin nan, ita ko mai saye? Abin da ya sa nake jinjina wa jaridar ke nan, ba ta raina irin wannan tambaya ba. Ta san a kan tiren 'yar talla ne canjin zai yi zafi, can ta kai bayaninta.

Na ɗauki shafin na kai wa goggona, wadda a lokacin take amarya tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida.

"Goggo, kin tuna ranar da aka canja kuɗi?"

"Kai ɗan nan, ina zan manta? Ko shekara ba a yi ba da suka canja wa motoci hannu, sai ga shi sun zo kan kuɗi. Muka ce saura me kuma?"

Canjin hannun da take nufi shi ne na ranar Lahadi, 2 ga Afrilun 1972, da direbobi suka bar hagu suka koma dama, watanni tara kacal kafin naira. Ka ƙiyasta yadda aka kwashe a hanyar Zariya zuwa Kano, wajen Tashar Yari, a makon farko. Goggo ta ce ita da farko ƙin karɓar sabon kwabo ta yi, don ba shi da huji. Tsohon kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, suna da rami a tsakiya, ana zura su a zare a ɗaure a haɓar zane. Wannan kuwa sumul, in ya faɗi a rairayi shi ke nan. Har yau in ka ba ta naira ɗari biyu sai ta ce ka ba ta jaka guda, kamar yadda dillalan shanu da na hatsi suka daɗe suna ciniki da fam da jaka bayan gwamnati ta binne su.

A cikin adakar akwai wani ƙaramin gwangwani da baffa ya zuba 'yan tsabar kuɗin 1973. Na baje su a kan jaridar ina juyawa ɗaya bayan ɗaya. Rabin kwabo auduga ce a jikinsa. Kwabo biyar koko, kwabo goma itacen kwakwar manja. Kwabo ashirin da biyar, babbansu, gyaɗa ce da dalarta irin ta Kano. Kwabo ɗaya kuwa, jan ƙarfen nan da kowane yaro ke riƙewa, rijiyoyin man fetur ne a kansa. Wanda ya zana su ya ba gyaɗa babban gida ya ba fetur ƙarami, ga shi cikin 'yan shekaru abin ya juye. Farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa, sannan a 1975 cutar nan da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta share gonaki. Dalar gyaɗa ta ɓace daga filin Kano, ta saura a jikin tsabar kuɗi kawai.

Ga masu son lissafi, ga abin da zai sa ku riƙe baki. A 1973 aka ɗaga litar fetur daga kwabo shida zuwa kwabo takwas da ɗoriya. A 1976 ta kai kwabo tara. Dala ɗaya ta Amurka ba ta kai naira ɗaya ba. Da hukumar Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka mai da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnati naira 60 a wata, aka kuma biya ariyas a farkon 1975. Raba naira 60 da kwabo tara: lita sama da 600 ke nan a albashin masinja. A 2024 da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kafin shekarar ta ƙare lita ta haura naira 1,000. Lita saba'in ma da ƙyar. Na yi lissafin nan a bayan ambulan, na sake yi don na ɗauka sifili ya ɓace mini.

Shafukan 1975 ƙamshin Udoji suke yi. Malamin makaranta ya sayi babur, akawu ya sayi rediyo mai kaset, wanda ke da keke Raleigh ya fara harin Honda, manyan ma'aikata suna layin Fijo 504 daga sabon kamfanin harhaɗa motoci da aka buɗe a Kaduna a watan Maris na shekarar. An yi aure, an ƙara aure. Sai dai jaridar ta fi 'yan majalisar shayi adalci, masu cewa da komai araha ne, kowa a ƙoshe. A shekarar nan ta 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Manomin Paki ko na Likoro ba wanda ya ba shi ariyas, amma da ya je sayen gishiri da kananzir da atamfar sallah, farashin Udoji aka sa masa. Shafin wasiƙun masu karatu shi ne wurin da na fi daɗewa saboda haka. Mutum zai zauna a ƙauye ya rubuto kukansa kan tsada ko taki ko gadar da ruwa ya cinye, ya sa sunansa da na garinsu a ƙasa ba tsoro, cikin ladabi kuma, ba zagi. In ka rufe kwanan watan sai ka rantse jiya aka rubuta.

Nishaɗi kuwa, a nan ne na ji kishin mutanen da. Zamanin da Rediyon Kaduna ke riƙe da Arewa kaf, a kunna akwati a ƙofar gida bayan isha'i unguwa ta taru. Mamman Shata yana ganiyarsa da kalangai, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ya ishi taro, Musa Ɗanƙwairo yana fada, Ɗan Anace yana wasa 'yan dambe. Samanja yana sa sojoji da farar hula dariya da gurɓatacciyar Hausar bariki. Samarin da suka sayar da mazarƙwaila su hau mota zuwa Sabon Garin Zariya kallon fim ɗin Indiya ko na Bruce Lee, su dawo su kwana uku suna ba da labari, har da wanda ba a nuna ba. A watan nan na Janairun 1973 da ake fama da sabon kuɗi, Ikko na karɓar wasannin Afirka karo na biyu, 'yan ƙwallonmu suka doke Gini da ci 2 da nema suka ɗauki zinare. A Oktoban 1974 Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a Kinshasa, dattawan garinmu har yau suna maganar kamar ɗan ƙanensu ne ya yi nasara. Sannan ga waƙoƙin da jaridar ke bugawa, rubutattu, masu ƙafiya da ma'auni, daga malamai da ɗalibai. Wace jarida ce yau za ta ba mawaƙi fili haka?

Mu mutanen wannan yanki ma muna da abin bugun ƙirji a fagen. Shu'aibu Maƙarfi, marubucin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ɗanmu ne, kuma tun wajen 1960 ya riga ya hango yadda kuɗi da rayuwar birni ke wasa da hankalin magidanci. Duk wanda ya karanta shi sannan ya buɗe jaridun shekarar Udoji zai ce mutumin nan duba yake yi.

Akwai wani daɗi na musamman a karanta tsohuwar jarida, wanda sabuwa ba za ta taɓa ba ka ba: kai ka san abin da zai faru gobe, ita ba ta sani ba. Ga labarin naɗin Alhaji Shehu Idris Sarkin Zazzau a Fabrairun 1975, matashi, ba wanda ya san zai shekara 45 a kan karaga. Ga Gowon zai tafi taron ƙasashen Afirka a Kampala a watan Yuli, inda yana can za a hamɓarar da shi, kana ji kamar ka riƙe masa riga ka ce ranka ya daɗe kada ka tafi. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta farkon Fabrairun 1976. Ranar 3 ga wata Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohi 19, jiharmu ta koma Jihar Kaduna, aka ce za a gina sabon babban birni a Abuja. Shafin cike yake da ɗoki. Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe shi a Ikko yana hanyar ofis. Na riƙe shafin hannuna yana rawa, ni da ko haihuwata ba a yi ba a lokacin. Shekara guda bayan nan aka fito da takardar naira 20 mai hotonsa, wadda a wancan zamani sulusin albashin ƙaramin ma'aikaci ce cur.

Daga nan sai labarai su yi ta gudu: gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya sa Ikara ta zama hedikwatar yankinmu tun kafin Maƙarfi da Kudan su samu nasu, shirin ilimin firamare kyauta da ya kwashi yara zuwa aji a Satumbar shekarar, sai hawan daba na bikin Festak a Kaduna a 1977.

Ƙorafina ɗaya ne, shi ma ba a kan jaridar ba. Akwai shafukan da suka yi ɓatan dabo, ciki har da rabin wani labari da ya kai ni tsakiyar daɗi ya sake ni. Da na matsa da tambaya, goggo ta amsa cewa ta ƙunsa daddawa da su tun shekarun baya, ta kuma ce in ina da ƙara in kai ta wajen alƙali.

Ku malaman Hausa da na tarihi a makarantun Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, don Allah ku nemi irin waɗannan jaridu. Yau ba a ganin Gaskiya Ta Fi Kwabo a hannun masu tallar jarida, amma masu bincike na samun tsofaffin fitowarta a Gidan Arewa da ke Kaduna, ga kuma adakokin iyayenmu da ba a buɗe ba. Ku shiga aji da shafi ɗaya, ku sa yaro ya miƙe ya karanta da ƙarfi, sannan ku ce ya mai da fam uku da sule bakwai da sisi zuwa naira. Na gwada da ɗan yayata mai shirin jarrabawar gama sakandare. Ya samu naira shida da kwabo saba'in da biyar daidai, sannan ya ɗago kai ya tambaye ni ko hakan zai sayi ruwan leda ɗaya.