Gidan Adar a idon mai tarihi

Littafin Benedetta Rossi, From Slavery to Aid, wanda ya fito a 2015 cikin Ingilishi, yana bin tarihin Adar daga 1800 zuwa 2000. Ko da yake siyasa da ƙwadago ne jigonsa, mai karatu daga Kaita, Buza ko Madawa zai ga gidan iyayensa a ciki.

Ƙarfin littafin yana wurin tambayar da ya riƙe: wane ne ke da ikon tafiya, wane ne kuma dole ya zauna? Da kaka ta wuce, magidanta da samari kan tafi cin rani, su bar wa mata ɗawainiyar yara, tsofaffi da rumbu. Shi ya sa da aikin raya karkara na Kaita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Marubuciyar ta nuna cewa tabon bauta bai gushe daga wannan rabon aiki ba.

Sai dai an fi jin matan a wurin aiki fiye da tsakar gida. Waƙar daka, goyon ciki da tatsuniyar dare ba su ne abin bincikenta ba. Wannan giɓi na malamai da ƙungiyoyin al'adu ne: su naɗi muryar tsofaffin nan tun suna raye, su kuma nemi a fassara littafin zuwa Hausa.