Kar A Kira Tsuntsu Da Kukan Ƙarya

Wata ɗabi'a ta shigo cikin masu ɗaukar hoton tsuntsayen daji, kuma ba ta kwanta mini a rai ba ko kaɗan. Mutum zai laɓe a gindin bishiya, ya kunna kukan tsuntsu a wayarsa, namijin ya fito a fusace yana neman wanda ya shigo masa yanki, sai a ƙyasta hoto a wuce. Abin da a da sai an yi kwanaki ana jira, yanzu cikin minti biyar an samu.

Mai hoto ya tafi da murnarsa, tsuntsu kuwa an bar shi da wahala. In lokacin sheƙa ne, ya bar ƙwai ko 'ya'ya ga zafin rana da hankaka da maciji, ya ƙarar da ƙarfinsa yana farautar abokin gabar da babu shi. To ina ga mutum goma sun yi masa haka a wuni ɗaya?

Ni a fadamar Dagona, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, na koyi aikin ɗaukar hoton tsuntsaye, lokacin hunturu da tsuntsaye ke tsallako Sahara daga Turai. Safiya uku na yi ina zaune wa zalɓe guda. Ranar farko duk hotunan bayansa na ɗauka. A ta biyu na lura cewa babban tsuntsu iska yake fuskanta idan zai tashi, don haka na koma inda iskar ke bugo mini ƙeya. Na gane yadda yake naɗe wuya kafin ya kai wa kifi sara, na saita saurin kyamara a 1/2000 na daƙiƙa tun kafin ya motsa. Da ɓata hoto na koyi waɗannan, ɗari bayan ɗari.

Sa'a ma tana da nata rabon, ban musa ba. Kifin da ya kama a safiya ta uku, da yadda hasken hantsi ya sauka kan ɗigon ruwa, babu hannuna a ciki. Amma sa'ar ta tarar da ni a zaune, yatsana bisa maɓalli, ƙafafuna sun yi tsami cikin laka.

Gauraka, tsuntsun da Nijeriya ke alfahari da shi, yau ganinsa ya yi wuya a fadamun da a da yake yin garke. Har yanzu ba ni da hotonsa mai kyau. Bana ma zan koma in zauna masa, wayata a kashe cikin aljihu.