Gidan Rumfa, Gagara-Misali!

Ku bar ni in yi yabo son raina, domin a kan Gidan Rumfa ba na jin kunya, ba na kuma raba ƙafa. Duk wanda neman abinci ya zaunar da shi a Fatakwal ko Anacha ko Inugu ya san yadda hirar gida take kayawa bayan sallar isha'i: Bakatsine ya ɗauko Gobarau da Gidan Korau, Bazazzagi ya ɗauko masallacin da Babban Gwani ya gina, Basakkwace ya ce a tsaya, ga Hubbare. Duk na sara musu. Amma idan maganar fada ake yi, ƙuri'ata guda ce, ta Kano ce, kuma ba ta sayarwa ba ce.

Ku dubi shekarunsa kawai. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina shi wajen shekarar 1480, tun Turawa ba su san da Amurka ba. Kafin ya hau gadon sarauta yana Gidan Makama ne, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, tafiyar 'yan mintuna daga fada. Mutum ne mai babban buri da ido mai hangen nesa: ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina cikin adon sarauta, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili wanda ya rubuta masa littafi kan yadda ake riƙon jama'a. Sannan ya shata fili na kusan eka 33 ya ce nan ne gidan sarki. Namijin duniya!

Abin da ya fi tsuma ni shi ne gidan nan bai taɓa zama kango ba. Sarakunan Haɓe sun zauna a cikinsa har zuwa Alwali. Jihadi ya zo, Sulaimanu ya shiga, Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819, zuriyarsa ta ɗora. Bature matafiyi Barth ya shigo gaisuwa a 1851. Sojojin Ingila sun ci Kano a 1903, gidan yana nan. Marigayi Ado Bayero ya yi shekara 51 a cikinsa, daga 1963 zuwa 2014. Fadoji da yawa na Turai yau sai ka yanki tikiti ka shiga kallon kujerun da ba mai zama a kansu. A nan kuwa ana girki, ana raɗin suna, ana ɗaura aure, yara na tafiya makaranta, dogarai cikin ja da kore suna kai da kawowa, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama kowa na kan aikinsa, jakadiya na shiga cikin gida da saƙo. Gari ne sukutum a cikin gari.

To, mu zo kan ginin kansa, inda nake rasa bakin magana. Ƙasa ce fa! Jar ƙasa aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa, aka mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, rana ta gasa shi, magini ya jera shi sahu bisa sahu har katanga ta tashi, ƙasanta kauri, samanta siriri. Rufin kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta iya mata komai. Aka shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa da katsi na marina don kada ruwan sama ya yi ɓarna, aka fitar da indararo, aka kafa zankwaye a kusurwoyi suna nuna sama. Babu rodi, babu siminti, babu injiniya mai hular kwano. Lissafin duk yana cikin kan Sarkin Gini da yaransa.

Idan Allah ya sa ka samu shiga ɗaya daga cikin manyan sorayen, don Allah kada ka tsaya kallon kafet. Ɗaga kai. Za ka ga bakan gizo ya taso daga jikin bango, ya lanƙwaso a hankali, ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya cikin ɗaurin guga, kowane an ɗaure azararsa gaɓa bisa gaɓa an lulluɓe ta da ƙasa har ba ka ganin mahaɗa, tsakankaninsu kuma zane ne mai kala-kala, mai tsari, mai ƙayatarwa, dagi na bin dagi, layi na shiga layi ba tare da ya ɓata ba. Soron Ingila, inda ake karɓar manyan baƙi, shi ne zakaran gwajin dafi. A waje rana na dukan tsakar ka, a ciki sanyi kamar ruwan randa. Wace na'urar sanyaya ɗaki?

Sai Ƙofar Kudu, fuskar gidan, wadda Sarki Abdullahi Maje Karofi ya fitar a ƙarni na 19. Wanda bai taɓa tsayawa a filinta ranar Hawan Daushe ba, an bar shi a baya. Sarki ya je Babban Ɗaki ya yi gaisuwa, ya zagayo gari, ya dawo ya tsaya. Tambari na tashi, kakaki na amsawa, 'yan bindiga na ɓarin wuta, 'yan lifidi sun yi shirim, hakimai na sukuwa rukuni-rukuni suna zuwa su ja linzami su yi jinjina, ƙura ta turnuƙe, guɗa ta cika sama. Ba mamaki da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ai sun ma makara.

Ina da ƙorafi, kuma na masoyi ne. Siminti da fenti sun ci wurare da dama da ya kamata a bar su da ƙasarsu, alhali maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma rikicin sarauta da ya sa aka dakatar da hawa a 2024, muka yi asarar kuɗin mota da ɗinkin sallah. Allah ya daidaita tsakanin 'ya'yan Dabo, gidan nan ya fi ƙarfin a yi masa haka.

'Yan'uwa mazauna kudu, 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun san gadar Anacha da kasuwar Ogbete, sun iya Ibo da Turancin buroka, amma da yawansu ba su taɓa ganin soro ba. Idan kun tashi zuwa gida, ku ware yini guda. Ku fara da Gidan Makama, ku ɓullo Ƙofar Kudu, ku yi sallah a babban masallacin Juma'a da ke jikin fada, ku ƙarasa Kurmi. Ku nuna musu abin da kakanninsu suka yi da ƙasa da giginya fiye da shekara 500 da suka wuce. Wataƙila a cikinsu a samu wanda zai ce shi gini zai karanta, ya dawo ya ɗaura mana bakan gizo da hannunsa.