Kodata Ba Ita Ce “Masu Ƙashin Baya” Ba: Sharhi a Kan Wata Fassara

Gabatarwa

Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta yi umurni da a fara koyar da yara da harshen uwa, malamai suka shiga ƙirƙiro kalmomin kimiyya. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi nazarin ɗaya daga cikinsu. A wani aji a unguwar Shahuci, cikin birnin Kano, mun ji ɗalibinmu mai koyon aikin malanta ya fassara Kodata da “dabbobi masu ƙashin baya”. Ba mu ga laifinsa ba, domin daga bakinmu ya ji.

Inda Fassarar Ta Gaza

Abin da ya haɗa dabbobin Kodata shi ne wata sanda mai lanƙwasuwa da ke miƙe a bayan ɗan tayi, wadda muke ba da shawarar a kira ta tsirkiyar baya. Tare da ita akwai laka mai rami, da tsagogi a maƙogwaro, da wutsiya bayan dubura. Rukunin ya kasu uku: masu ƙashin baya, da amfiyoksas, da tunikata. Biyun ƙarshe a teku suke, kuma ba su da ƙashi ko kaɗan. A 1866 masanin Rasha Alexander Kowalevsky ya nuna cewa ’ya’yan tunikata suna da tsirkiyar, sai dai takan ɓace idan sun girma. Ke nan fassarar ta ɗauki sunan ɗaki guda ta laƙaba wa gida duka.

Mai musu zai iya cewa yaron Kano bai taɓa ganin tunikata ba, don haka ba a yi asarar komai ba. Amsarmu ita ce, asarar tana cikin ƙa’idar rabon kanta. Bahaushe ya raba halittu bisa kama da mazauni: dabba, tsuntsu, kifi, ƙwaro. Masana kuwa asali suke bi. Tun 1758 Linnaeus ya sa jemage cikin masu shayarwa duk da fikafikansa. Haka kuma gaiwa, mai shaƙar iska da huhu, ta fi kusa da kwaɗo bisa ga tarwaɗa, kada kuma ya fi kusa da tsuntsu bisa ga ƙadangare. Yaron da aka koya wa duba ƙashi kawai, yaya zai fahimci wannan?

Kammalawa

Ba muna cewa rabon Bahaushe kuskure ne ba. Ya biya bukatar masunci da maharbi. Amma a aji, muna ganin ya kamata a bar “masu ƙashin baya” ga Batibrata kaɗai, a kira Kodata “masu tsirkiyar baya”. Gyaran kuwa daga kwalejojin ilimi zai fara, domin malami ɗaya da muka yaye da kuskure zai shuka shi a zukatan ɗaruruwan yara.