Aku, Musa da Mu: Sake Karanta Magana Jari Ce a Birnin Zazzau

Yawancinmu a aji muka fara haɗuwa da Magana Jari Ce, muna ta dariyar wayon aku. Da muka girma muka sake buɗe littafi na ɗaya, sai muka ga abin da ƙuruciya ta ɓoye mana. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a hannun aku, ga Waziri na ƙulla makirci. Duk daren da Musa ya yi shirin bin rundunar, sai aku ya ɗauko labari, ya yi ta jan sa har gari ya waye. Aikin hikayoyin ke nan a cikin littafin: a riƙe yaro a gida, a shagaltar da shi.

A Zariya Abubakar Imam ya rubuta littafin a 1936, tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi. A Janairun 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam na editan Hausa. Cikin dalilan kafa ta har da jita-jitar da ta cika Arewa cewa Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Hitila. Gwamnatin da ta haɗe Kudu da Arewa a 1914, ba ta tambayi malamin Kona ko masaƙin Kwarbai ba, sai ga shi ta gane cewa shirunta ne ke haifar da raɗe-raɗi. Ta buɗe jarida, amma ita ke auna yawan gaskiyar da za a sayar a kwabo.

A nan muke da ja da littafin. Imam ya sa mun goyi bayan aku, domin dabararsa ce ta ceci Musa. Mai karatu yakan tashi da darasin cewa na sama ya fi sanin abin da ya dace na ƙasa ya ji. To amma Musa yaro ne, aku kuwa mai ƙaunarsa. Talakan da ke biyan haraji ba yaro ba ne, hukuma ma ba kullum take kwana da shi a rai ba. Imam da kansa bai tsaya a matsayin aku ba: da ya je Ingila a 1943 ya gana da Lugga, ya kuma rubuta masa koke-koken matasan Arewa kan mulkin En'e.

Mu mutanen birni mun san ɗacin zama Musa. Bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da mabiya Shaikh Zakzaky a Disambar 2015, sai a Afrilun 2016 Sakataren Gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando. Wata huɗu iyaye na jiran bayani. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin naira, Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta faɗa wa Majalisar Dattawa cewa ita ma ba a shawarce ta ba. Idan minista ba ta ji ba, ina ga mai ƙosai a Ƙofar Doka, wadda ta yi makonni ciniki ya tsaya saboda babu tsabar kuɗi?

Littattafanmu na yau cike suke da sirrin kishiyoyi da na gado, amma da wuya mu ga tauraron da ya shiga ofis ya nemi takarda. Alhali dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Muna jiran marubucin da zai ba mu labarin daga bakin Musa, daren da ya katse aku ya ce a fara faɗa masa abin da ake ciki a fada.