Allura a Kan Kibiya

Ranar 6 ga Agustan 1926, a sinimar Warner da ke birnin New York, mawaƙi Giovanni Martinelli ya buɗe baki a jikin allo, sai ga muryarsa ta fito daidai da motsin leɓɓansa. Waƙarsa na cikin gajerun fina-finan kiɗa da aka haska kafin babban fim ɗin daren, Don Juan. Har da Roy Smeck, gwanin jita da banjo, a cikin jerin. 'Yan kallo suka yi ta tafa wa mawaƙa. A ganina, wanda ya fi cancantar tafin yana can sama a wani ɗan ɗaki, yana sharce gumi a gefen majigi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsarin Vitaphone, wanda kamfanin Western Electric ya ƙera, Warner Bros. kuma ya kai kasuwa, bai ɗora sauti a jikin fim ba. Hoto na kan naɗin fim, sauti kuwa na kan faifan garmaho mai faɗin inci 16, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti guda. An rage masa gudu haka ne don ya kai kusan minti 11, tsawon naɗi ɗaya ke nan. Inji guda ke juya su duka biyun, don haka in sun tashi tare, tare za su sauka. Tashin ne aiki.

Mai haskawa zai zura fim a hankali har hoton da aka yi wa alamar farawa ya tsaya a gaban fitila. Daga nan ya koma kan faifai, ya nemo 'yar kibiyar da ke kusa da tsakiya, domin allurar daga ciki take tasowa ta nufi baki. Sai ya sauke ta a tsagin da kibiyar ta nuna, ba na gabansa ba, ba na bayansa ba. Ya kuskure tsagi ɗaya, murya ta yi wa baki nisan kusan daƙiƙa biyu, mawaƙi ya yi shiru waƙa na ci gaba, zaure ya kece da dariya. Yana gamawa kuma ya juya ga majigi na biyu ya shirya shi, don naɗin farko ba ya jira.

Wurin da ya fi burge ni shi ne gyaran fim in ya tsinke. A zamanin fim marar magana, a datse inda ya lalace a liƙa, magana ta ƙare. A Vitaphone kuwa kowace daƙiƙa hoto 24 ce, faifai kuma bai san an yanke komai ba. Dole mai haskawa ya ƙirga hotunan da suka salwanta ɗaya bayan ɗaya, ya cike gurbinsu da baƙin fim daidai adadinsu. 'Yan kallo su ga duhu na ƙiftawar ido, amma baki da murya ba su rabu ba. Faifan ma bayan haskawa kamar ashirin ya cinye, shi ya sa aka buga gidaje a takardar tsakiyarsa, ana soke ɗaya duk bayan haskawa.

Sana'ar ba ta yi tsawon rai ba. Zuwa 1931 Warner ya koma ɗora sauti a jikin fim ɗin kansa, fina-finai da yawa kuma suka rabu da faya-fayansu. Tun 1991 masu tara tsofaffin faya-fayai suka kafa Vitaphone Project, suna farauto su a hannun jama'a, suna haɗa kowane da fim ɗinsa.