Iyaka Tsakanin Sihiri da Kimiyya: Sharhi a kan Littafin Evans-Pritchard game da Azande

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe da aka ba aikin fassara rubutun da ya shafi al'adun Afirka ba ya yin nisa sai ya ci karo da batun sihiri. Kafin ya zaɓi kalmar Hausa da ta dace, wajibi ne ya san abin da marubucin yake nufi da sihiri, da kuma abin da yake auna shi da shi, wato kimiyya. Wannan takarda sharhi ce a kan littafin E. E. Evans-Pritchard mai suna *Witchcraft, Oracles and Magic among the Azande*, wanda ya fito a 1937, aka kuma fassara shi zuwa Faransanci a 1972. Manufarta ita ce a duba inda littafin ya shata iyaka tsakanin sihiri da kimiyya, a ga ko iyakar ta zauna daidai.

2.0 Ra'ayin da littafin ya tarar

Kafin wannan littafi, ra'ayin James Frazer ne ke tashe a Ingila. A cikin *The Golden Bough*, wanda ya fara fitowa a 1890, Frazer ya ɗora sihiri a kan ƙa'idoji biyu: abu yana jawo mai kama da shi, kuma abubuwan da suka taɓa haɗuwa suna ci gaba da yin tasiri a kan juna ko bayan sun rabu. A ganinsa, mai sihiri ɗan kimiyya ne da ya ɓata lissafi. Daga baya ya jera tarihin tunanin ɗan Adam hawa uku: sihiri, sai addini, sai kimiyya. Rauninsa shi ne bai taɓa zama cikin mutanen da yake magana a kansu ba, da rahotannin matafiya da ƴan mishan da jami'an mulkin mallaka ya yi aiki.

3.0 Abin da Evans-Pritchard ya gani

Evans-Pritchard ya zauna da Azande na kimanin wata 20 tsakanin 1926 da 1930, a yankin da ke cikin Sudan ta Kudu a yau, ya kuma koyi harshensu. Misalinsa da ya fi shahara shi ne na rumbu. Azande kan ɗora rumbu a kan ƙafafun itace, mutane su zauna ƙarƙashinsa suna shan inuwa. Wata rana rumbu ya rufto, ya raunata mutum. Kowa ya san gara ce ta cinye itacen, kowa ya san zafin rana ne ya kai mutumin wurin. Tambayar da ta rage ita ce: don me rumbun ya faɗi daidai lokacin da wane yake zaune? A nan ne ake kawo *mangu*, wato maita. Ke nan maita ba ta kore ilimin gara da na itace ba, tana amsa wata tambaya ce daban. Da wannan misali kaɗai ra'ayin Frazer ya girgiza.

Misali na biyu shi ne *benge*, wani dafi da ake samu daga wata itaciyar daji. Ana ɗura wa ɗan tsako, a yi wa dafin tambaya, mutuwar tsakon ko rayuwarsa ita ce amsa. Ba a tsayawa a gwaji ɗaya. Idan tsako na farko ya mutu, sai a juya tambayar ta yadda amsar ba za ta tabbata ba sai na biyu ya rayu. Mutanen da suka tsara irin wannan taka-tsantsan ba za a ce da su marasa lissafi ba.

To, idan *benge* ya saɓa wa kansa fa, ko ya faɗi abin da bai auku ba? Marubucin ya jero uzurorin da ake bayarwa: dafin ya tsufa, ko mai ɗurawa ya keta wani hani, ko wani maye ya ɓata aikin. Kowane kuskure yana da mafaka a cikin tsarin kansa. Azande kan zargi boka kaza da ƙarya, amma ba su zargin bokanci gaba ɗaya. A nan ne littafin ya sa iyakarsa: sihiri tsari ne da kuskure ba ya rusa shi, kimiyya kuwa tana bin abin da gwaji ya nuna.

4.0 Inda iyakar ke neman gyara

Littafin ya yi wa Azande kallon ƙurilla, amma kimiyya daga nesa ya hango ta. Thomas Kuhn ya nuna a 1962 cewa su ma masana kimiyya ba su yar da ra'i don gwaji ɗaya ya saɓa masa. Su ma sukan nemi uzuri. Tarihin ilimin taurari ya isa shaida.

Da aka ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da dokar Newton ta tsara mata, ba a ce dokar ta faɗi ba. Bafaranshe Le Verrier ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan ta, ya kuma lissafa inda za a same ta. A watan Satumba na 1846 aka auna madubin hangen nesa a birnin Balin, aka ga Naftun dab da wurin da ya faɗa. A 1859 ya sake kawo irin wannan uzuri game da tafiyar duniyar Makuri. Aka shafe shekaru ana neman sabuwar duniyar, ba a gan ta ba, har 1915 da Einstein ya warware matsalar da sabon ra'i, aka gane dokar Newton tana da iyaka.

Uzurin Le Verrier da na mai *benge* sun yi kama a fuska. Bambancinsu shi ne na farko ya faɗi wuri da lokacin da za a iya kama shi da ƙarya, kowa mai madubi yana iya dubawa. Na biyu kuwa sai bayan an gaza ake kawo shi, kuma idan ana son tabbatar da shi, wurin duba za a koma. Evans-Pritchard da kansa ya lura cewa ba wanda ke ɗura wa tsako dafin ba tare da tambaya ba don ya ga abin da zai faru, domin ɓarna ce a wurinsu. Wannan gwajin da ba a yi ba shi ne matakin farko da ɗan kimiyya zai ɗauka.

Akwai kuma batun iko, wanda littafin ya kawo bayanansa amma bai ja su zuwa ga wannan tambaya ba. Hukuncin *benge* na gidan sarauta shi ne na ƙarshe a shari'a, kuma talaka ba ya zargin ɗan sarki da maita. Inda ba a yarda a musa ba, rashin musu ba ya nuna cewa ba a iya shakka.

5.0 Abin da ɗalibin harshe zai ɗauka

Littafin ya raba abin da ake gado a jiki da abin da ake yi da kayan aiki da niyyar cuta. Faransanci kan haɗa su duka a kalma ɗaya, *sorcellerie*. Hausa ta raba su: maita daban, sammu da jifa daban. Mai fassara daga Faransanci sai ya duba mahallin jimla kafin ya zaɓa.

Kalmar *asiri* ma abin lura ce. Tana nufin abin da aka ɓoye, tana kuma nufin sihiri, kamar a "an yi masa asiri". Don ya san dabarun bokayen Azande, sai da marubucin ya sa yaron gidansa ya shiga koyon sana'ar, ta nan ya gano cewa abin da ake "cirowa" daga jikin majiyyaci dabarar hannu ce. Boka yana cin abinci da abin da ya ɓoye. Sakamakon kimiyya kuwa ba ya samun karɓuwa sai an bayyana hanyar da aka bi, wani ya maimaita. Ita kuwa kalmar *magani* ta haɗa na asibiti da na sauyoyi da na tsari, don haka ba ta isa ta raba gardama ba.

6.0 Kammalawa

Darajar littafin tana nan, domin ya kawar da zaton cewa mai yarda da sihiri ba ya tunani. Gibinsa shi ne ya ɗauki kimiyya tamkar ba ta san uzuri ba. Abin da ya kamata a tambaya game da kowane da'awa, ta boka ce ko ta mai digiri, abu uku ne: me zai nuna cewa ƙarya ce, wa aka yarda ya duba, kuma me ake yi idan ta gaza. Yana da kyau ɗalibai su tattara jimloli goma masu ɗauke da *asiri* ko *magani* daga maganar yau da kullum, su fayyace ma'anar da kowace ta ɗauka, sannan su gwada fassara su zuwa Faransanci.